Neman shawara: faifan tsohon fim ɗin da Baba yake so ya ƙi fita da kyau

Maman Walida, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san harkar faifai da tele ya taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai. Babanmu ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare tun yana saurayi, ba a daɗe da kawo layin dogo garin ba a 1974 aka ɗauke shi, a nan ya tsufa har ya yi ritaya. Da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ni na ɗauko shi ya dawo wurina nan Rumde Ajiya, don yayyena maza ɗaya yana Duwala ɗaya yana Faransa, kowa sai dai waya da "yaya jikin Baba", matar babban kuma tun farko ta nuna ba ta da ɗaki, ni ban ce komai ba, maigidana Allah ya saka masa shi ya kwashe kayansa daga ɗakin zaure aka gyara wa Baba. Ga suga ga ido ya fara rauni, ba ya fita sai masallaci, abokansa duk suna can Ngawundare wasu sun rasu.

Akwai wani fim da ya gani a silima da Faransanci tun lokacin, Le Crime de l'Orient-Express na 1974, wanda aka yi daga littafin Agatha Christie. Jirgi ne ya taso daga Istambul, dusar ƙanƙara ta tsare shi a hanya, da gari ya waye aka tarar da wani attajiri Ba'amurke a ɗakinsa an soke shi da wuƙa sau 12, sai Poirot, mai binciken laifi, ya dinga kiran fasinja ɗaya bayan ɗaya yana musu tambayoyi. Baba yana son shi ne saboda ma'aikacin taragon barcin nan, wai yadda yake tsayuwa da yadda yake amsa ƙararrawa haka aka koya musu.

Na samo faifan a kasuwa, irin mai fim takwas a ciki. Wlh sai da na ji kamar in yi kuka. Wurin daren da aka yi kisan baƙi ƙirin ne ba ka ganin komai, fuskoki sai su farfashe su zama 'yan murabba'ai, murya tana riga baki, wajen ƙarshe inda ya tara su duka a taragon cin abinci kuma sai ya tsaya cak. Baba yana ta tambayata wace ce wannan, tsohuwar gimbiyar ce ko mai aikinta, ni ma ban gane ba. Wani ɗan uwan maigidana ya aiko mana na asali daga Amurka, shi kuma na'urar ta rubuta wani abu ta ƙi. Yanzu Yaya na Faransa zai zo bayan salla ya ce in faɗi abin da zai sayo. Me zan ce masa?

Injiniya, Kuseri:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara da shekaru ina gyaran waɗannan na'urori, ki saurare ni kawai. Faifan DVD na kasuwa giga 4.7 yake ɗauka, an cusa fim takwas kinga kowanne bai fi rabin giga da 'yan kai ba, alhali na asali fim ɗaya ake bai wa faifan gaba ɗaya, wani ma mai hawa biyu giga 8.5. In aka matse hoto haka wurin duhu ne yake fara mutuwa, shi ya sa daren ya zama baƙi. Na Amurka kuma lafiyarsa ƙalau, matsalar yanki ce, an raba duniya yanki-yanki, na'ura faifan yankinta take ci. Amurka yanki na 1, Turai na 2, mu yawancin Afirka na 5. Ƙananan na'urorin Sin ba ruwansu duk suna ci, masu babban suna ne suke ƙi. Ki ce wa yayanki ya sayo Blu-ray, faifan da ya fi DVD kyan hoto, da na'urarsa, Turai da Afirka duk yankin B ne ba za ki sha wahala ba. Hotonsa layi 1080 ne a kan 576 na DVD. Magana ta ƙare.

Maman Walida, Garwa:
Na gode Injiniya. Amma na'urata ba ƙarama ba ce fa, cikin kayan aurena take kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba, banga dalilin da zan ajiye ta ba saboda faifai ɗaya.

Injiniya, Kuseri:
Ai abin da nake faɗa kenan, don babba ce ta ƙi. Me ta rubuta a allon? Kuma wace irin tele ce?

Hajiya Babba, Marwa:
Ƙanwata Allah ya yi miki albarka da riƙon uba. Ni dai kar ki sa kuɗi a sabuwar na'ura sai kin sayi abin daidaita wuta. Mu nan a wata ɗaya kuran ya ƙona min firiji da tele, su ɗauke tun safe su dawo da ita tsakar dare da ƙarfi kamar me, ka je ofis ka yi magana a ce ka rubuto takarda, ka rubuta a ce shugaba ya yi tafiya, amma takardar biya ba ta taɓa makara ko kwana ɗaya. Firijin nan da ƙanƙarar da nake sayarwa nake biyan makarantar jikokina. Har yau yana nan a tsakar gida na rufe shi da tabarma.

Abba na Pumpumre:
Anti duk wannan wahala ta mece ce, a sauke shi a intanet a sa a USB shikenan. Ko ma ki sa masa sabon na 2017 wanda Johnny Depp ya fito, labari ɗaya ne kuma hoto fes.

Maman Walida, Garwa:
Abba na sa masa wannan, bai kai rabi ba ya ce a kashe, wai wannan ba Poirot ba ne ɗan dambe ne. Kuma ni bana son na intanet, Baba yana son ya riƙe kwalin a hannu ya sa a ƙarƙashin filo, ku yara ba za ku gane ba.

Tsohon malamin lise, Ngawundare:
'Yata, na san fim ɗin nan sosai kuma ina so in ja hankalinki kafin a kashe kuɗi. Injiniya ya yi gaskiya kan faifan kasuwa, amma akwai abin da bai faɗa ba. Wannan fim tun asalinsa hotonsa ba mai kaifi ba ne. Mai ɗaukar hoton, Geoffrey Unsworth, da gangan ya sa shi ya yi laushi, fitilu suna baza haske, tururin jirgi a tashar Istambul ya lulluɓe komai, don a ji tsohon zamani ne, labarin shekarun 1930. Ko Blu-ray kika saya ba zai fito kamar wasan ƙwallo ba, za ki ga 'yan ɗige-ɗige suna motsi a hoton, wannan jikin fim ɗin ne ba lalacewa ba. Abin da kwafi mai kyau zai dawo miki da shi shi ne duhun ya rabu hawa-hawa, ki ga labule daban ki ga mutum daban, sannan fuska. Fim ne na fuska da magana, ba gudu ba harbi. Ingrid Bergman da ta fito a ciki ta ci kyautar Oscar ne da zama guda na kusan minti biyar tana amsa tambaya kyamara na kanta, in idonta da bakinta suka dagule me ya rage? DVD na asali na Faransa ya isa ya ba ki wannan. Mutumin da idonsa ya yi rauni kunnensa yake kallo da shi, don haka ki ce wa yayanki ya juya bayan kwalin ya duba, lallai a ga VF, wato an ɗora muryar Faransanci. In VOST kaɗai aka rubuta to Turancin Ingila ne da rubutu a ƙasa, Baba ba zai iya bin rubutun ba. Kuma in kika ga an rubuta minti 122 ko 123 maimakon 128 kar ki ɗauka an yanke, DVD na Turai hoto 25 yake juyawa a daƙiƙa maimakon 24 na silima.

Injiniya, Kuseri:
Malam da girmanka amma a nan ban yarda ba. Laushin da mai fim ya sa daban, laushin ƙarancin layi daban. Wanda idonsa ya raunana shi ya fi buƙatar hoto mai kyau a babban allo. Kuma wa ya ce na'urarta za ta ci yanki na 2? In ta 5 ce zalla haka za ta tofo shi kamar na Amurka, kuɗi sun tafi. Ni da hannuna nake buɗe su kullum, ba a littafi na karanta ba.

Tsohon malamin lise, Ngawundare:
Na'urori da yawa da ke gidajenmu daga Faransa aka shigo da su, yanki na 2 ne. Ta duba bayanta akwai lamba cikin zanen duniya.

Malam Ustaz, Injamena:
'Yar uwa ina miki nasiha don Allah. Dattijo mai wannan shekaru, ga rashin lafiya, fim ɗin kisan kai ne abin da za a wahala a nemo masa daga Turai? Ki sa masa karatun Alƙur'ani da tafsiri ya fi masa amfani yanzu.

Maman Walida, Garwa:
Malam na gode da nasiha amma ba ka san Baba ba. Kafin asuba yake tashi, rediyonsa kullum kan tafsiri take, wuridinsa bai taɓa wuce shi ba. Awa biyu da zai tuna ƙuruciyarsa da aikinsa ba zai rage masa komai ba. Ni ce nake ganin yadda yake zama shiru tun rasuwar Inna, in ana maganar jirgi ne kaɗai yake buɗe baki.

Baban Sadiya, Garwa:
Ai duk abin da ya jawo wannan rashin silima ne. Da muna yara gidan silima na Ribadu cika yake, a 2009 hatta Abbia na Yawunde da Wouri na Duwala aka rufe, a lokacin ƙasa guda ba gidan kallo. Yanzu yaranmu a waya suke kallon komai da rubutun wani a tsakiyar allo. Ni Indiyan da nake so na da ma ba a samu sai wanda aka ɗora wa surutu an yanke waƙoƙin, wlh na sayi wani a hannun wani yaro ya rantse min cikakke ne, na je gida rabi ne, na koma ya ce ba shi ba ne ƙaninsa ne. Kuma in yayanki zai turo ta ajans, masu aika kaya, kar ki yarda, ya riƙo a jakarsa.

Injiniya, Kuseri:
Hajiya har yanzu ba ki faɗi irin telen ba.

Maman Walida, Garwa:
Ta ɗakin Baba tasa ce da ya zo da ita daga Ngawundare, mai ƙaton baya, wayoyi uku ja da fari da rawaya. Ta falo siririya ce amma yara ne a kai kullum kuma Baba ba ya son zama cikin hayaniya, kujerun ma suna sa masa ciwon baya.

Injiniya, Kuseri:
Innalillahi. To ai da tun farko kin faɗa. Na'urorin Blu-ray na yanzu HDMI kaɗai gare su, wannan telen ba ta da ramin. Sai an canza tele. Ki sayi inci 32, ba tsada yanzu, ki kai tsohuwar ɗakin yara.

Maman Walida, Garwa:
Bazan iya taɓa telen nan ba, tare da Inna suka saye ta. Kuma kalarta tana da kyau, labarai ma a ita yake gani bai taɓa ƙorafi ba. Inaga matsalar faifan ce kawai ba tele ba.

Tsohon malamin lise, Ngawundare:
To kinga magana ta dawo kan DVD. Sai dai ki sani hoton mai faɗi ne, za ki ga baƙi sama da ƙasa, fuskokin za su ƙara ƙanƙanta a wannan allon. Ki matso masa da kujera.

Injiniya, Kuseri:
Matso da kujera ba gyara ba ne Malam. Za a dawo nan bayan salla a ce min Baba bai gane gimbiya ba.

Maman Walida, Garwa:
Yanzun nan muka yi waya da Yaya, ya ce ya ga wani kwali mai finafinan Poirot da yawa a haɗe da araha a kasuwar tsofaffin kaya shi zai ɗauko, na ce ya duba VF ya ce ba shi da lokacin karanta bayan kwali, in ina da wani zaɓi in turo kuɗi. Ni ban san ma ko na 1974 yana ciki ba. Lambar bayan na'urar kuma na duba takardar ta goge.

Abba na Pumpumre:
Anti in ya iso dan Allah ki ara min in kwafa.

Hajiya Babba, Marwa:
Injiniya tunda kana nan, firijin da wuta ta ƙona injinsa yana gyaruwa ko sai sabo? Wani ya ce min dubu arba'in.