Kayan Hajiya sun cinye mana ɗaki, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara.

Muna haya a Aboabo, nan Kumasi, ɗaki da falo, tare da uwar mijina. Rabin ɗakin kayan Hajiya ne: kwanukan samira na aurenta, akwatunan ƙarfe maƙare da atamfofin da ba a taɓa ɗinkawa ba, ga buhunan tsumma a ƙarƙashin gado. Tun shigowar damina wasu sun fara fumfuna, kyankyasai kuwa sun samu gida.

Na ce a kai wasu kasuwar Kejetia a sayar, ko a yi sadaka da su. Ta ce kayan auren jikokinta ne, alhali babbarsu ko firamare ba ta gama ba! Maigidan ya ce ba ruwansa, kada in jawo masa fushin uwa.

Ta yaya zan shawo kanta ba tare da an ce na raina ta ba? Kafur kaɗai zai kare atamfa daga fumfuna? Sannan akwai tsofaffin alluna da yagaggun takardun Alƙur'ani na marigayi Malam. Ba zan zuba su a bola ba, to ina ake kai su?