Karen gonar da nake aiki ya daina jin maganata, ga dusar ƙanƙara na tafe

Baƙon Tsauni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni mutumin Jibiya ne, a cikin tumaki na buɗe ido. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Balami da Uda yake kiwo, tun ina aji uku a firamare nake bin sa daji. Shi ke gaba, garke na biye. Ko cikin dare ya yi gyaran murya sai ka ji sun amsa daga turke. Da ya rasu, baffanmu ya sayar da su kaf tun ba a yi arba'in ba, har da wata tunkiya da Baba ya ba ni da hannunsa, kuma har yau ba wanda ya ce mini kanzil. Na faɗi wannan ne don ku san ba jiya na fara kiwo ba.

Karatun noma ne ya kawo ni Sikotilan. Tun Satumba nake aiki a wata gona cikin tsaunukan da ke kudu da Hawick, daf da iyakar Ingila. Tumaki kusan 500 ne, irin da ake kira Cheviot, kuma ba sa bin mutum kamar namu. Da sun hango ka sai su watse, kowace ta nufi gefen tudun da uwarta ta saba kiwo. In ba da kare ba, ba mai tara su. Mai gonar dattijo ne, an yi masa aiki a ƙugu yana kwance, ya bar ni da karnuka biyu. Babban, Mos, da usur ake sarrafa shi ko da baki: ka ce masa kam-bai ya zaga ta hagu, ka ce awe ya zaga ta dama. Da yana ji na lafiya lau. Tun ranar Talata in na yi magana sai ya kwanta ya kawar da kai, ko ya koma ƙofar mai gidansa ya zauna. Karyar, Meg, tana ji, amma shekararta 11, ƙafafunta na baya sun gaji.

An ce ranar Asabar za a yi dusar ƙanƙara da iska mai ƙarfi. Dole in sauko da su kafin nan, don in iska ta taso gindin katangar duwatsu suke fakewa, nan kuwa ƙanƙarar take taruwa ta binne su. Duk ciki gare su, Afrilu za su haihu. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna duhu ya fara. Ya zan yi da karen nan?

Sannan Meg tana rawar ɗari da daddare, na shigo da ita ɗan soron ɗakina tana kwana. Mene ne hukuncin sallata?

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Ɗana, saurare ni da kyau, shekarata 22 a ƙasar nan. Kare cikinsa kawai ya sani. Hana shi abinci yini guda, washegari ka ba shi da hannunka, za ka ga ya dawo yana kaɗa maka wutsiya. Karyar kuma ka fitar da ita yau ɗin nan, mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Da haka ake farawa. Ni nan 'ya'yana sun tasa ni gaba shekara biyu sai an sayo kwikwiyo, uwarsu na goya musu baya, na ce sai dai bayan raina.

Likitar Dabbobi: Ƙanena, don Allah kar ka hana shi abinci. Karen da ke hawa tsauni cikin wannan sanyi ƙari yake buƙata. Fara duba tafukansa, ƙanƙara kan dunƙule tsakanin yatsu ta tsaga fata. In lafiyarsa lau, to akwai abin da ya faru. Irin waɗannan karnuka ba sa ajiye aiki haka kawai. Me ya faru ranar Talata?

Ɗan Tawa: Mu dai a yankin Azawak na Nijar karnukanmu gadi suke yi da farauta, ban taɓa ganin an aiki kare ya koro bisashe ba. Ka zuba hatsi a bokiti ka riƙa kaɗawa, tunkiya ko ta ina ce ta san wannan ƙara. Ni da na samu kare mai tsaro ko ɗaya bara, da ba a kwance mini raguna shida a dare guda ba, saura kwana tara layya. Na san wanda ya yi, yana nan yana yawo a kasuwa.

Baƙon Tsauni: Na gode. Tafukansa lafiya, na duba. Batun bokiti, Ɗan Tawa, waɗannan ba a fara ba su hatsi ba tukuna, busasshiyar ciyawa ce da dutsen lasa. Na gwada da buhu a kan babur mai ƙafa huɗu, guda talatin suka biyo ni, sauran ko kallo.

Malamin Zaure: A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kai, duk mai rai tsarkakakke ne, har kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Shafi'awa ne ke ɗaukarsa najasa mai kauri. Kuma hadisin da ke Bukhari da Muslim kan raguwar lada ga mai ajiye kare ya cire karen kiwo da na farauta da na gona. Sallarka ta yi. In akwai rumfa mai ɗumi, ka yi mata shimfiɗar ciyawa a can, ya fi kwanciyar hankali.

Alhaji Mai Goro: Malam, da girmanka, kiwo daban, kwana da kare daban. Ku ne kuke sassauta wa yaran nan. Kai kuma ɗana, tambaya nake: da bizar karatu kake? Awa 20 a mako doka ta ba ɗalibi in ana zangon karatu. Mai tumaki 500 shi kaɗai awa nawa yake yi? Na ga waɗanda aka mayar gida kan abin da bai kai wannan ba. Tattara kayanka ka koma makaranta, tumakin ba gadon gidanku ba ne.

Baƙon Tsauni: Allah ya ƙara girma, Alhaji, maganar takardu a bar ta, na san matsayina. Mutumin nan shi ya ba ni ɗaki lokacin da ba ni da wurin kwana. Ba zan gudu in bar shi a kwance ba.

Likitar Dabbobi: Har yanzu ba ka faɗa mini abin da ya faru Talata ba.

Baƙon Tsauni: Hajiya, ba wani babban abu ba ne. Ya matsa wa wata tunkiya a bakin rafi inda ƙasa ta daskare, na ce ya kwanta sau uku bai kwanta ba, ya cafke ta a cinya ta zame ta faɗi. Mai ciki fa. Na ɗana masa sanda sau biyu, ba da ƙarfi ba. Duk makiyayin da ya ga abin da na gani haka zai yi.

Likitar Dabbobi: To ga amsarka nan. Yanzu a wurinsa kai da sanda da tumaki abu guda ne, shi ya sa yake kwanciya. Yana gyaruwa, amma da wuya cikin kwana biyu. Ajiye sandar, kai za ka riƙa ba shi abinci, ka fita da shi da doguwar igiya kan tumaki goma a ƙaramin fili, kana magana ƙasa-ƙasa. Na Asabar kuma, je ka gaya wa dattijon gaskiya a daren nan, ya kira maƙwabcinsa ya zo da nasa karnukan. Manoman tsauni sun saba taya juna. A ƙarshen Fabrairun 2018 da farkon Maris irin wannan iska ta binne tumaki masu yawa a yankinku, shi ya sani sarai. Kar ka ɗora wa Meg tsaunin nan ita kaɗai. Tunkiyar da aka ciza fa, ka duba raunin?

Maman Husaina: Allah sarki, sanyin can ba wasa ba. Maigidana wata bakwai ke nan yana can yana aikin kula da tsofaffi, kullum in na kira sai ya ce ya gaji, dare ya yi. Ashe da gaske ƙarfe huɗu duhu yake yi? Ni na ɗauka hanya ce ta kashe waya. Yaran ma sun daina tambayarsa.

Alhaji Mai Goro: Sanda biyu har wani abu ne? Mu da aka tashe mu da dorina me ya same mu? Likita, ilimin littafi kike faɗa. Kar ka kuskura ka gaya wa Baturen nan ka taɓa karensa, sun fi son kare da ɗan Adam, gobe za ka ga 'yan sanda a ƙofa. Yi abin da na ce, yunwar yini ɗaya.

Baƙon Tsauni: Ba zan hana shi abinci ba, Alhaji. Amma Hajiya, ba zan iya zuwa wurin mutumin da ko tashi ba ya yi in ce na daki karen da ya yi rainonsa tun yana kwikwiyo ba. Maƙwabcin kuma tun zuwana kallon wanda bai iya komai ba yake yi mini, in na kira shi na tabbatar masa. Ba ku ga yadda tunkiyar ta faɗi ba ne. Gobe da gari ya waye zan hau da babur da Meg, in fara da na gefen yamma, su ne suka fi nisa. Mos zan sa shi a bayan babur ko Allah zai sa ya sauka da kansa.

Likitar Dabbobi: Ba sai ka ambaci sanda ba, ka ce masa kawai kana buƙatar mataimaki. In babur ya kife da kai a can sama, wa ya san inda kake? Akwai sabis ɗin waya a tudun?

Ɗan Tawa: Wai nawa ake sayar da rago ɗaya a can?

Alhaji Mai Goro: Na dai faɗa maka. Kuma karyar nan har yanzu ba ka ce ka fitar da ita ba.