Neman shawara kan inganta hoton bidiyo a kwamfuta da madVR

Abu Fatima ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwamfutar tebur mai Windows 10 da katin hoto GTX 1650, na haɗa ta da talabijin mai 4K ta wayar HDMI domin iyali su riƙa kallo a falo. Abin da ke damuna shi ne hoton ba ya fita yadda nake tsammani: wuraren da ya kamata su yi baƙi ƙirin sai su koma toka-toka, kuma idan kyamara tana tafiya a hankali daga gefe zuwa gefe sai in ga hoton yana ɗan tsalle-tsalle. Ina kuma da tsofaffin bidiyon bukukuwan gidanmu da na kwafo daga faifan DVD, waɗanda duk lokacin da mutum ya motsa hannu sai wasu layuka kamar haƙoran mataji su bayyana a gefensa. An ba ni shawarar in saka madVR. Shin da gaske zai magance waɗannan abubuwa, kuma katin nawa zai iya ɗaukar nauyinsa? Na gode.

Mai Gyaran Kwamfuta ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Abu Fatima. Amsar a taƙaice ita ce zai taimaka sosai, amma yana da kyau a fara sanin inda aikinsa ya fara da inda ya tsaya. Duk lokacin da ka buɗe bidiyo, akwai manhajar da ke warware fayil ɗin ta fitar da hotunan da ke cikinsa, wato dikoda, sannan akwai wadda ke karɓar hotunan ta gyara girmansu da launinsu ta zana su a kan allo, wato renda. madVR renda ne kawai, wani Bajamushe mai suna Mathias Rauen ne ya rubuta shi, kuma a Windows kaɗai yake aiki. Ba ya buɗe bidiyo da kansa, sai an haɗa shi da manhajar kallo irin su MPC-HC ko MPC-BE ko PotPlayer. Ni na fi son MPC-HC domin yana zuwa da LAV Filters a cikinsa, waɗanda su ne za su yi aikin dikoda. Bayan ka sauke madVR sai ka kunna fayil ɗin install.bat da izinin mai kula da kwamfutar, sannan ka shiga saitin MPC-HC ka zaɓe shi a matsayin renda.

Matsalar baƙin da ya koma toka ita zan fara da ita, domin ita ce mafi sauƙi kuma ita ce ta fi ɓata hoto. Bidiyo yana ajiye haske tsakanin lamba 16, wadda ita ce baƙi, zuwa 235, wadda ita ce fari, alhali kwamfuta tana amfani da 0 zuwa 255. Idan aka aika wa talabijin baƙi a matsayin 16 ita kuma tana sauraron 0, sai ta nuna shi a matsayin toka. Idan akasin haka ne, sai duk abin da ke cikin inuwa ya nutse a duhu. Wurare uku ne dole su yi magana da murya ɗaya: madVR, saitin katin hoto, da ita kanta talabijin. Hanya mafi tsabta ita ce ka sa madVR a kan 0-255, ka sa katin a kan RGB da Full, sannan ka nemi saitin matakin baƙi na HDMI a talabijin ka mayar da shi na cikakken zango. Kowane kamfani da sunan da yake kiran wannan saitin.

Tsalle-tsallen kuwa lissafi ne. Yawancin finafinai ana ɗaukarsu da hotuna 23.976 ko 24 a daƙiƙa, ita kuma kwamfutarka mai yiwuwa tana sabunta allo sau 60 a daƙiƙa. Tun da 24 ba ta shiga cikin 60 daidai, sai a nuna hoto ɗaya sau uku, na biye da shi sau biyu, wato ɗaya ya zauna milisakan 50, ɗayan kuma kimanin 33. Wannan rashin daidaiton ne idonka yake kamawa idan kyamara tana tafiya. A sashen display modes na madVR ka rubuta 2160p23, 2160p24, 2160p50, 2160p59, 2160p60, shi zai riƙa sauya saurin talabijin da kansa gwargwadon bidiyon da ka buɗe. Kada ka bar 2160p50 a baya, domin bidiyon da aka ɗauka bisa tsarin PAL, wanda shi ne na talabijin a Najeriya, hotuna 25 ne a daƙiƙa, kuma a kan 50Hz suke tafiya sumul. Idan allon ba ya karɓar waɗannan sauye-sauye, akwai saitin smooth motion da ke gauraya hotuna domin rage tsallen, sai dai yana ɗan rage kaifin motsi.

Game da ƙarfin katinka, kada ka dogara da hasashen kowa, har da nawa. Danna Ctrl da J yayin da bidiyo yake tafiya, za ka ga lokacin da madVR yake ɗauka wajen zana kowane hoto, da adadin hotunan da ya zubar. A fim mai 23.976 kana da kimanin milisakan 41 ga kowane hoto, a mai 60 kuwa ƙasa da 17. A cikin hanyoyin faɗaɗa hoto da ke saitin madVR, ka fara da Lanczos ko Jinc, sannan ka gwada NGU a mataki na ƙasa ko na tsakiya, kana kallon lambar. Da zarar ta kusanci iyaka, ka sauko.

Ummu Salma ta rubuta:

Assalamu alaikum. Bayanin Malam ya gamsar, zan ƙara ne kan bidiyon bukukuwan, domin irin aikin da nake yi wa mutane ke nan. Faifan DVD na tsarin PAL yana da ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye, kuma kyamarorin wancan lokaci ba cikakken hoto suke ɗauka a lokaci guda ba. Suna ɗaukar rabin layukan, sannan bayan kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa su ɗauki sauran rabin. Tsohuwar talabijin mai ƙugu haka take nuna su, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba a ganin komai. Allon zamani kuwa yana haɗa su wuri guda, abin da ya motsa tsakanin ɗaukar farko da ta biyu sai ya fito da haƙora. Maganinsa shi ne deinterlacing, wato mayar da kowane rabin layukan cikakken hoto, kuma madVR yana miƙa wannan aiki ga katin hoto.

Abubuwa biyu za ka kula da su, Malam. A saitin LAV Video, wato dikodan bidiyo na LAV Filters, ka zaɓi hanyar warwarewa ta DXVA2 copy-back, domin idan aka zaɓi D3D11 na kai tsaye madVR ba ya iya cire haƙoran. Sannan ka sani cewa bayan an cire su bidiyon yana zama hotuna 50 a daƙiƙa, saboda haka lokacin da kake da shi ya ragu zuwa milisakan 20, ba 40 ba. Saitin da ya yi daidai da fim yana iya yi wa wannan nauyi, shi ya sa madVR ya ba da damar yin saiti daban-daban gwargwadon girman bidiyo da saurinsa.

Ina kuma roƙonka kada ka matsa wa tsohon bidiyo da ƙarin kaifi. NGU Sharp yana da kyau ƙwarai ga fayil mai tsabta, amma a kan bidiyon biki da aka ɗauka da dare cikin ƙarancin haske, duk datti da murabba'an da matsewa ta haifar shi ma zai ƙara musu kaifi, fuskokin iyaye su koma kamar an zana su da fenti. NGU Anti-Alias ya fi tausayin irin waɗannan, tare da ɗan kunna saitin reduce banding artifacts domin share matakalar launi da ke fitowa a sararin sama ko a bango. Daga 576 zuwa 2160 kusan ninki huɗu ne a tsaye, kuma abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu manhajar da za ta dawo da shi. Idan faifan asali yana nan, ka adana kwafinsa yadda yake, kada ka dogara da wanda aka matse aka turo ta waya.

Ɗan Birni ya rubuta:

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Ban musanta ingancin madVR ba, amma sigarsa ta ƙarshe da aka fitar a hukumance, wato 0.92.17, tun 2018 take, kuma mai shi ya mayar da hankali ga na'urar madVR Envy da ake sayarwa. Wanda zai fara yau ya kamata ya duba mpv ma, wato wani shirin kallon bidiyo, wanda kyauta ne, ana ci gaba da raya shi, kuma yana aiki a Windows da Linux da Mac. Layi ɗaya na profile=high-quality a fayil ɗin mpv.conf ya isa ya ba da hoto mai kyau ba tare da wahalar da kati ba. Aibinsa shi ne kusan komai da rubutu ake saita shi. Akwai kuma MPC Video Renderer ga mai son sauƙi a cikin MPC-HC. RTX Video Super Resolution, tsarin faɗaɗa hoto da Nvidia ta fitar a 2023, ba zai yi maka aiki ba, domin a katunan RTX kaɗai yake aiki. Ka kuma lura GTX 1650 yana warware bidiyon da aka matse da tsarin HEVC da kansa amma ba ya warware na tsarin AV1, don haka irin wannan fayil a kan firosesa nauyinsa zai sauka, ko da wane renda ka zaɓa.

Abu Fatima ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na daidaita matakan haske kuma baƙi ya dawo baƙi, tsallen ma ya tafi, haƙoran bidiyon bukukuwan sun ɓace bayan na bi shawarar Malama Ummu Salma. Saura abu ɗaya: a saitin katin, idan ina kan 60Hz ba ya ba ni zaɓin launi sama da bit 8. Wayar ce ba ta da kyau?

Mai Gyaran Kwamfuta ya rubuta:

Amin, Malam. Wayarka lafiya lau take, iyakar HDMI 2.0 ce, wadda ke ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa. Hoton 4K mai cikakken RGB a 60Hz ya kusan cinye wannan a bit 8, babu wurin ƙari. A 23 ko 24Hz ne ake samun sarari har zuwa bit 12. Ka bar shi a bit 8, ka shiga sashen properties na talabijin ɗinka a madVR ka nuna masa cewa allon bit 8 ne, sannan ka tabbata dithering yana kunne, domin madVR yana lissafinsa da bit 16 a ciki kuma wannan saitin ne yake hana matakalar launi fitowa yayin da yake saukowa zuwa 8. Ordered dithering ya wadatar ga katinka, error diffusion ya fi cin ƙarfi.