Yaya ake auna yawan bairas a cikin rigakafi kafin a zuba shi a kwalba?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina karatu a kan sarrafa allurar rigakafi, sai wani abu ya ɗaure mini kai. Tunda gwajin qPCR yana ƙirga kayan gadon bairas cikin sa'o'i kaɗan, me ya sa har yanzu masana'antu suke jiran kwanaki suna renon ƙwayoyin halitta a faranti kafin su faɗi ƙarfin rigakafi? Don Allah masu sani su warware mini.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsalar qPCR ita ce ba ya rarrabe bairas mai rai da wanda zafi ya riga ya lalata, duka ƙirga su yake yi, alhali rigakafi irin na ƙyanda ba ya aiki sai bairas ɗin da aka raunana ya iya shiga ƙwayar halitta ya hayayyafa. Shi ya sa muke riƙe da hanyar da masanin bairas Renato Dulbecco ya fito da ita a 1952. Ana sirka samfurin ninki goma-goma, a ɗiga a kan shimfiɗar ƙwayoyin Vero (ƙwayoyin halitta na ƙodar biri da ake renonsu a faranti), a rufe da aga, wani abu mai dasƙarewa kamar jeli, don kada bairas ya yi yawo. Bayan kwanaki a zuba rini, sai ki ga ƙananan gurabe fari fat inda ƙwayoyin suka mutu, kowane gurbi daga bairas ɗaya ya faro. Idan kin ƙirga gurabe 45 daga mililita 0.1 na samfurin da aka sirka sau 100,000, to kowace mililita ta asali tana ɗauke da bairas mai rai miliyan 45.

Malamin jami'a:
Ƙari a kan bayanin malam, ba kowane bairas ne yake fitar da gurbi mai ƙirguwa ba. A nan ake komawa ga TCID50, wato sirkin da ke lalata ƙwayoyin halitta a rabin ramukan farantin gwaji, a yi lissafi da tsarin Reed da Muench na 1938. Da irin wannan ma'auni aka ƙayyade cewa allurar ƙyanda ɗaya kada ta gaza TCID50 1,000. Sai dai sakamakon yana motsi ƙwarai daga rana zuwa rana, don haka ni ba na yarda da adadin da ba a gwada shi tare da samfurin ma'auni, wato wanda aka riga aka san ƙarfinsa, ba.

Mai duba inganci:
Amma, ƙanwata, duk wannan na rigakafi mai rai ne. Idan an kashe bairas ɗin, furotin ake aunawa. A rigakafin mura gwajin auna furotin da ake kira SRID ake yi don tabbatar da maikirogiram 15 na hemagulutinin, wato furotin da ke jikin bairas ɗin mura, ga kowane nau'i, a allurar shan inna kuwa gwajin ELISA ne ke auna antijen D, wato ɓangaren bairas ɗin da ke tada garkuwar jiki, raka'a 40, 8 da 32 ga nau'o'in bairas ɗin uku. Shi ma qPCR yana da gurbinsa a tsakiyar aiki, lokacin da ake son sanin ranar kwashe bairas daga tukunyar reno, domin a can jiran mako guda asara ne.