"Gumina ne": muhawarar da ta tashi a gurup ɗin gidanmu na Ƙofar Sauri, Katsina

Auta ya buɗe shagon kayan waya na uku a Ƙofar Ƙaura, ya ɗora hoto a WhatsApp, ya rubuta: "Gumina ne, ba wanda ya ba ni."

Kawu: Auta, Allah ya sa albarka a sabon shago. Amma kalmar nan ta tsaya mani a rai tun asuba. Ka cire ta.

Auta: Amin Kawu. Wallahi masu cewa sa'a ce kawai nake ba amsa. Shekara bakwai ina bin motar farko zuwa Kano in saro caja da gilashin waya, in dawo bayan isha'i. Suna barci lokacin.

Yaya Babba: Ni ina bayan yaron nan. Mun mai da "Allah bai ba ni ba" bargon lulluɓe lalaci. Ƙato ya wuni gindin dalbejiya yana shan shayin bashi, in ka yi magana ya ce rabo ne. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ba a Suratun Najmi aka ce mutum ba ya da komai sai abin da ya aikata ba?

Malam: Aya ta 39, haka take. Ba wanda ya hana nema, Annabi (SAW) ma cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Rabin maganar na biyu ne abin tsoro. Ƙaruna, da aka yi mashi nasiha, cewa ya yi an ba shi dukiyar ne saboda ilimin da ke wurinsa. Suratul Ƙasas, aya ta 78. Ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Lura, shi har ya yarda ba shi aka yi. Auta kuwa ya ce ba wanda ya ba shi.

Auta: Allah gafarta Malam, mutane nake nufi, ba Ubangiji ba.

Anti: Ku da ba ku je Babbar Kasuwa ba ranar gobarar Maris 2021 ku yi shiru. Na je neman maigidana. Kwanon rufi ya nannaɗe kamar tabarma. Wani dattijo maƙwabcin shagonsa, wanda ya fi kowa sammako a layin, yana tsaye da makulli a hannu, ba ƙofar da zai buɗe. Shi bai yi gumi ba?

Yaya Babba: Anti, ai da yawansu sun farfaɗo, kuma komawa suka yi suka faro daga tebur.

Anti: Wasu kau har yau ba su tashi ba, kuma ba lalaci ne ba.

Auta: To lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 fa? Maƙwabtana suna korar mai tiransifa, ni ina da POS tuni. Wannan ai lissafi ne.

Kawu: Wa ya matsa maka ka karɓo shi kana cewa ɓata kuɗi ne?

Auta: Kai ne, Kawu. 😅

Anti: Inna ta turo murya, ga abin da ta ce ga waɗanda ba su da data: "Ku gaya wa Auta an karanta mani. Tumakina biyu da na sayar da kwasar adashena, su ne tiren farko da ya ɗauka. Daren da zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti ko kofi bai iya riƙewa ba. Ya ce masha Allah, bakinsa ba zai ƙone ba."

Auta: Na cire, Inna. Astagfirullah. Ku yafe mani.

Yaya Babba: Ya cire, amma ni ban janye tawa ba. Gobe zan tura wa 'yan gindin dalbejiya hoton shagon.

Anti: Inna ta sake turowa. Ta ce tumakin fa, yaushe?