Inna ta daina iya tashi daga tabarma sai da dafa bango, gigin tsufa ne kawai?

Ƴar Autar Inna:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu, shekarunta 78. Mantuwar da ƙananan abubuwa ta fara: ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta idar da la'asar ta sake tayar da wata. Ranar da ta bar tukunya a kan murhu har ta ƙone, yayanmu ya ce daga yau kada ta ƙara taɓa komai. Aka karɓe girki, aka karɓe shara, hatta buta sai a kai mata. Yanzu wuni take yi a zaune, in za ta tashi sai ta dafa gwiwa ta dafa bango. Awarwaron hannunta har zamewa yake yi saboda rama, tuwo kuwa loma uku ta ture kwano. Dangi sun ce gigin tsufa ne, a bar ta ta huta. Ni kuma gani nake hutun nan ne yake cinye ta. Ya zan yi?

Maman Jinya:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Abu biyu ne suka haɗu mata, ciwon mantuwa da raunin jiki, kuma kowanne yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Likitoci na duba alamomi 5 na raunin tsufa: rama ba da niyya ba, yawan kasala, rashin ƙarfin damƙa, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa 3 ya shiga ciki. Tsoka in ba a aiki da ita zubewa take yi, ta tsoho kuma ta fi saurin zubewa, saboda haka tunaninki daidai ne.

Ku kai ta asibiti, kada ku tsaya kan cewa tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ciwon mantuwa, amma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna kawo shi. Akwai kuma masu kama da shi waɗanda ake magancewa, kamar ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo. A duba mata haƙora da ido da kunne. In kuka ga ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan na gaggawa ne, sau da yawa ciwon fitsari ne ko zazzaɓi ko ƙarancin ruwa a jiki.

Aiki kuma ku mayar mata da wanda ba wuta ba wuƙa: tsince wake, ɓare gyaɗa, ninke kaya. Wanka da sa tufafi ku bar ta ta yi iya abin da za ta iya, ku ƙarasa mata. A riƙa zagaya tsakar gida da ita safe da yamma. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, ƙwai, alale, fura da nono.

Baban Khalifa:
Na yi jinyar mahaifina a irin wannan hali. Abin da na fi ji wa tsoro faɗuwa ce, don karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Masai na tsugunno ya fi komai ba shi wuya, sai kafinta ya yi mana kujera mai rami, ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Muka ɗauke shi daga katifar ƙasa zuwa gado mai tsayin gwiwa, muka bar fitila a kunne har asuba. Da magariba ya fi rikicewa, ya ce a mayar da shi gida alhali yana gidansa. Gardama ba ta taɓa yin amfani ba. Sai in kama hannunsa mu taka zuwa zaure mu dawo, ya kwantar da hankali. Sallah kuwa a zaune yake yi, ni ina gefensa yana bi na.

Ƴar Autar Inna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na ajiye mata faifan wake ta tsince shi tas, har tana yi mini faɗa wai na bar tsakuwa a na jiya. Zan yi wa Yaya magana mu kai ta asibiti ranar Litinin. Baban Khalifa, don Allah kujerar nan ta katako ce ko ta ƙarfe, kuma tsayinta nawa?