Muhawara: Wai duk wanda ya taɓa ikwalaiza ya ɓata sauti?

Malam Mai Rediyo: Assalamu alaikum jama'a. Yau MP uku aka kawo mani shago, duka da kuka ɗaya, wai sifika ta fashe, sauti na ɓarɓarwa. Na buɗe ban ga abin da ya ƙone ba. Da na shiga ikwalaiza, wato wurin da ake ɗaga ko sauke kowane sashe na sauti da sandarsa, sai na tarar an ja sandunan hagu na sauti mai kauri har ƙurya, an ja na dama na sauti siriri, an danne na tsakiya, abin ya yi siffar harafin V. Ina mayar da su layi ɗaya sauti ya dawo garau. Na fi shekara ashirin a sana'ar nan, kuma maganata ɗaya ce: a bar ikwalaiza a filat, wato duk sandunan a layi ɗaya. Wanda ya haɗa waƙa a situdiyo ya riga ya auna komai. Duk wanda ya taɓa, ɓatawa ya yi.

Tela na Mabera: Wa alaikumus salam Malam. Da girmanka, wannan karon ban bi ka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni daga hantsi zuwa magariba ina kan keke, ga janareton maƙwabci a bakin ƙofa. In na bar shi filat ba abin da ke isowa kunnena sai 'yar siririyar murya, kiɗan kamar a cikin gwangwani ake yin sa. Sai na ɗaga bes yake cika. In ba a son a taɓa, don me kamfani ya sa shi?

Malam Mai Rediyo: Kamfani ya rubuta 180 a agogon mota. Bai ce ka taka ta har can a hanyar Illela ba.

Direban Tambuwal: Ni ina bayan Tela. Waƙa ba duka ai shayi ne ba sukari.

Yaro na Dundaye: Baba Malam, a ba ni dama in sa baki, don wannan mun taɓa shi a aji. Kunnen ɗan Adam yana ji ne daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz yana yaro (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya, ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri), amma ba daidai yake jin su ba. Ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000. Can ƙasa inda bes yake, kunne mai nauyi ne, kuma nauyin yana ƙaruwa in an rage murya. Wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna wannan a 1933. Shi ya sa tsofaffin rediyoyi masu kaset ke da wani maɓalli da ke ƙaro bes in ana sauraro a hankali, Baba Malam ya san shi. Sannan ƙugin janareto a ƙasan yake, yana haɗiye bes ɗin waƙar kafin ya haɗiye murya. Abin da Yaya Tela ke ji gaskiya ne, ba son rai ba ne.

Tela na Mabera: Allah ya yi maka albarka ƙanena. Ka ji ko Malam?

Yaro na Dundaye: Tsaya Yaya, ban gama ba. Abin da Baba Malam ya gani a shago shi ma gaskiya ne. Waƙar da ke cikin mimori tana da rufin da ba ta iya wucewa, kuma yawancin waƙoƙin yanzu an riga an tura su har sun kusa taɓa rufin. In ka ɗaga sanda ɗaya da 6 dB, wato desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, ka ninka girman igiyar sautin wurin sau biyu. Ina za ta shiga? Sai na'urar ta yanke mata kai, wannan yankewar ita ce ɓarɓarwar da mutane ke cewa sifika ta fashe. Kuma ƙaramin MP da sifikarsa ba ta kai murfin kwalba ba, ko ka kai sandar 31 Hz da ta 62 Hz, waɗanda su ne na bes, sama ba zai haifar da su ba, jijjiga kawai zai yi, batir ya tafi a banza.

Malam Mai Rediyo: To ai maganata ke nan.

Yaro na Dundaye: Rabinta ce Baba. Akwai hanyar samun bes ba tare da ɗaga shi ba. A bar shi inda yake, a rage sauran kaɗan, sannan a ƙara murya. Ko kuma in manhajar tana da sandar da ake kira piriyam, wadda ke ƙara ko rage ƙarfin sautin gaba ɗaya, a sauke ta daidai yawan abin da aka ɗaga. An ɗaga 62 da huɗu, a sauke piriyam da huɗu.

Direban Tambuwal: Wannan lissafin ya yi mani yawa. Ni shiryayyen saitin nan mai suna Rock nake dannawa in wuce.

Malam Mai Rediyo: Rock ɗin nan ai shi ne V ɗin da nake faɗa, an dai rage masa tsini. Kuma Rock na wannan kamfani daban da na wancan, suna ne kawai.

Baba Alhaji na Kanwuri: Sannunku da muhawara ɗiyana. Ni ga tawa matsala, ku duba mani. Ina da kaset-kaset na kiɗan kotso da taushi waɗanda nika ɗauka daga rediyo tun ina da ƙarfina. Jikana ya maishe su cikin mimori, yas sa mani cikin wanga ƙaramin abu, yad danna wani wuri wai don shi yi daɗi. Tun rannan ba ni jin abin da makaɗi ka faɗi. Ƙugi ƙasa, shuuu bisa, maganar ta ɓace tsakani. Waƙar fada kuwa magana ta. In ba ka ji kirari ba, ba ka ji habaici da zambo ba, ba ka ji inda 'yan amshi sunka karɓe ba, to mi ka saurara? Har shi kotson magana shika yi. Da anka maishe shi wurin da Malam ka cewa filat, maganar ta ɗan fito, amma ƙugin da shuuu suna nan. Mi za ni yi?

Malam Mai Rediyo: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan shuuu ɗin na zaren kaset ne, a sama yake zaune. A ce wa yaron ya sauke sandar 16k, wato ta 16,000 Hz, sosai, ta 8k kuma rabi. Ƙugin ƙasa yawanci na wuta ne, don wutarmu a nan 50 Hz take bugawa, in waya ba ta zauna daidai ba lokacin ɗauka sai ya shiga. A sauke 31 da 62, ba za a yi asarar komai ba, kotso ba ya kaiwa can ƙasan. In har yanzu muryar na jin kamar daga cikin tulu take fitowa, a rage 250 kaɗan. Sai a ɗaga 2k da ɗigo biyu, kar a wuce.

Tela na Mabera: Malam, yanzu fa sanda shida ka taɓa.

Malam Mai Rediyo: Na taɓa, kuma ban janye ba. Kaset ɗin Baba mara lafiya ne, magani na ba shi. Waƙar da ta fito daga situdiyo lafiyarta lau ba ta buƙatar allura. Kuma ka lura, biyar saukewa na yi, ɗaya kawai na ɗaga.

Yaro na Dundaye: Baba Malam, nan ne nake ganin maganarka ta yi rauni. Ko waƙar lafiyarta lau, ta cikin iyafis za ta bi, kuma babu iyafis ɗin da yake filat. Wani an ƙera shi da bes mai yawa, wani tsini gare shi har harafin s yana sukar kunne. In ka sa filat a allo, abin da ka ji halin iyafis ɗinka ne, ba abin da mai situdiyo ya ji a manyan sifikunsa ba. Kamfanin Harman ya daɗe yana gwada masu sauraro a kan wannan, kuma abin da suka samu shi ne yawancin mutane sun fi son abin kunne mai ɗan ƙarin bes a kan wanda aka daidaita tsaf. Ɗan ƙari fa, ba har ƙurya ba. Sannan ga tsufa. Jin siririn sautin saman nan shi ne ke fara tafiya in shekaru sun ja, don haka saitin da ya yi mani daidai ba lallai ya yi wa Baba Alhaji ba.

Malam Mai Rediyo: Na ji ta iyafis, wannan na karɓa. Amma ka zo shagona ka zauna yini ɗaya. Cikin masu taɓa ikwalaiza ban taɓa ganin wanda ya zo da ɗan ƙari ba. Kowa har ƙurya yake kaiwa. Kwana biyu kunne ya saba, ya ji kamar bai isa ba, ya nemo wata manhajar da za ta ƙara masa. Gara in ce wa mutum kar ka taɓa, da in ce taɓa kaɗan ya je ya yi ɓarna.

Maman Hafsa: Ina ta karantawa ina jiran wani ya taɓo abin da ya dame ni, ba wanda ya taɓo. Tela, tambaya nake yi maka tsakani da Allah. In ka kwanta da dare, kana jin wani ƙara siriri a kunnenka kamar na gyare?

Tela na Mabera: Wallahi Anti ina ji. Na ɗauka gajiya ce.

Maman Hafsa: Ba gajiya ba ce ƙanena, kunne ne ke kai ƙara. Ina aikin jinya, ina ganin samari da wannan. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako lafiya, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal a makon gaba ɗaya. Kai kana gasa da janareto yini guda, na tabbata ka wuce nan. Shawararsu kar a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar na'ura. Ni ba ruwana da bes ko filat, abin da ke cin kunne ƙarfin murya ne da daɗewa. Don Allah ka je a duba ka a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kar ka bari ya yi nisa.

Yaro na Dundaye: Anti ta faɗi gaskiya. Yaya Tela, wane irin iyafis kake sawa?

Tela na Mabera: Irin mai faɗin nan da ke zama a bakin kunne, ba roba.

Yaro na Dundaye: Nan bes ɗinka ke zurarewa. Irin wannan ba ya toshe kunne, ƙugin waje na shiga, na waƙar na fita. Nemi mai roba, ka gwada robobin uku da ke zuwa da shi har ka sami wadda ta cika kunnenka. Za ka ji bes ya dawo da kansa, janareto ya yi nisa, ka rage murya ba tare da ka rasa komai ba. Amma Yaya Direba, wannan ban da kai a kan sitiyari.

Direban Tambuwal: A'a, ni a rediyon mota nake sa mimori. Sai dai na lura in na sa karatu ko tafsiri a Rock ɗin nan, muryar malam tana yin kauri ba na rarrabe kalmomi sosai.

Malam Mai Rediyo: Don murya a tsakiya take, inda V ke dannewa. Tsohuwar wayar tarho daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai take ɗauka, kuma da shi ake gane magana har a gane mai yin ta. In karatu za ka sa, mayar da shi Normal.

Tela na Mabera: Zan sayi mai robar gobe in Allah ya kai mu, asibiti kuma Litinin. Amma Malam in faɗa maka gaskiya, ko na saya sai na ɗaga 62 ɗin nan ko da ɗigo biyu ne. Haka nake son kiɗana.

Malam Mai Rediyo: Ka fara jin sa a filat na kwana uku tukuna, kunnenka ya huce. In ka ga har yanzu da saura, biyo ta shago da shi mu saita tare, in sauke maka piriyam ɗin da yaron nan ya faɗa.

Baba Alhaji na Kanwuri: Malam, jikana ya yi yadda kac ce. Ƙugin ya tahi. Yanzu ga ni zaune ina jin baitin da nid daɗe ban rarrabe ba, har da inda makaɗi ka kiran sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Allah shi biya ka. Shuuu ɗin dai da ɗan saura, a ƙara sauke na 8k ɗin?

Malam Mai Rediyo: Amin Baba. A'a, a bar shi nan. In aka ƙara saukewa zai fara cin bakin kalmomin, s da sh su dushe. In da kaset ɗin na asali yana nan, a aiko mani da shi ranar Laraba, in goge kan rediyon in sake ɗauka da waya mai kyau.